Ban gishiri in ba ka manda: magana kan horon wasan kwaikwayo a ƙasashen waje



Tun da sanarwar horon wasan kwaikwayo na babban hutu a Turai ta fara yawo a wayoyinku, da yawa sun tambaye ni: mu nema ko mu bari? Ku nema. Amma bari in gaya muku abin da za ku tarar can, da abin da ya same ni.

Irin wannan horo ana yin shi galibi a watan Yuli da Agusta, lokacin da mu ke cikin damina. Ana tara ƴan wasa daga ƙasashe da dama, kowa ya koyi rawa da tafiya da tatsuniyoyin wani. Abin ba yau ya fara ba. A 1979 wani ɗan Italiya, Eugenio Barba, mai ƙungiyar Odin Teatret a garin Holstebro na Danmak, ya kafa makarantar da ake kira ISTA. Ba ta zaune wuri guda, ƙasa ƙasa ta ke zagayawa, da gwanaye daga Indiya, Bali, Japan da Brazil. Abin da su ke bincike shi ne me ke sa ɗan wasa ya kama idon jama'a tun bai buɗe baki ba.

Kafin nan, a ƙarshen 1972, Peter Brook ɗan Ingila ya ratso Sahara da ƴan wasansa, suka biyo ta Agadez, suna shimfiɗa darduma a fili suna wasa gaban mutanen da ba su jin yarensu. A 1985 ya nuna Mahabharata, babban labarin Indiyawa, a bikin Avignon na Faransa, wasan awa tara, har da Sotigui Kouyaté na Burkina Faso a ciki. Duniya ta yaba. Amma wasu masana Indiyawa sun koka, suka ce an ɗauki labarin da ke manne da addininsu, an yanke shi daidai da idon Turawa. Wannan gardama har yau ba ta mutu ba, kuma ta shafe mu.

Ni da na samu zuwa irin wannan horo, rana ta uku aka ce kowa ya nuna abin garinsu. Jin daga Nijar na ke, sai aka ce in yi rawar bori. Wallahi ban taɓa zama wurin wasan bori daga farko har ƙarshe ba. Na ji kunya in ce ban iya ba, sai na yi tsalle, na juya ido, na faɗi. Aka tafa. Da aka tashi, wani dattijo mai koyar da wasan fuskar katako na Bali ya tambaye ni ta bakin tafinta: wa ya koya maka? Na rasa amsa. Shi ko ya lissafa mini malaminsa da malamin malaminsa.

Daren nan ban yi barci ba. Na ba mutane ƙarya da sunan ƙasata, an ɗauka a bidiyo, kuma wani zai koya daga gare ta.

To ga shawarata. Kafin ka cika takardar neman biza, je ka zauna wurin tsohuwar da ta san Gizo da Ƙoƙi. Nemi ɗan kama ka ga yadda ya ke riƙe taro da baki kaɗai. Kalli wasannin Yazi Dogo, ka lura da inda ya ke yin shiru kafin dariya ta fashe. Ka koyi abu guda sosai, ka riƙe sunan wanda ya koya maka, ka faɗe shi a can.

In an nemi abin da ba naka ba ne, ko abin da masu shi ba su ɗauka wasa ba, ka ce a'a, ba za a kore ka ba. In za a ɗauki bidiyo, ka tambaya ina za a kai shi, kuma sunan wa za a sa. In ka dawo, ka tara ƙannenka a gidan matasa ka koya musu abin da ka samo, ka kuma kai ma malaminka labari.

Wa ke da tambaya?