TAIMAKON YARA MASU NAKASA SU SAMI ILMI

Jawabi ga Hakimai, da Dagatai, da Malamansu, a garin Karofi

  Na gode da kuka taru daga ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi domin ku saurari ɗanku. Maganar da na zo da ita ta yara ce 'yan shekara 6 zuwa 12, waɗanda ya kamata a ce suna aji, amma wata nakasa ta ƙafa, ko ta kunne, ko ta harshe ta tsare su gida. Da yawansu suna da gyara. Akwai ma'aikatan da aka horar musamman saboda su, amma ba su san inda yaran su ke ba. Ku kuwa kun sani.

Su wane ne ma'aikatan nan?

Galibinmu in an ce asibiti, likita mu ke tunawa, da mai ba da magani, da mai allura. To, akwai wasu waɗanda aikinsu ya kan fara bayan likita ya gama nasa. Na farko shi ne mai gashi, wanda a ke kira likitan gashin ƙashi. Shi ke motsa gaɓoɓin da suka sandare, ya ƙarfafa naman da ya yi rauni, ya koya wa yaro zama da tsayuwa da tafiya. Na biyu mai awon ji, wanda ke gwada kunne da na'ura ya gane iyakar abin da yaro ke ji. Na uku mai gyaran magana, mai taimakon yaron da bakinsa ya yi nauyi ko mai i'ina. Na huɗu shi ke koya wa yaro ayyukan yau da kullum, watau riƙe alƙalami, da cin abinci da hannunsa, da sa riga, da kewayawa ba tare da an ɗauke shi ba.

Aikin nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1945 aka fara aikin gashi a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, Jami'ar Ibadan kuma ta fara koyar da karatun digirinsa a 1966. A nan Arewa akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun 1959, Jami'ar Bayero kuma tana horar da masu gashi. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kusa da mu akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Tun 1988 akwai hukumar da doka ta kafa domin yi wa ma'aikatan nan rajista, saboda haka ba kowa ne zai tashi ya ce shi mai gashi ne ba.

Abubuwan da ke nakasa yara

Dattawa sun san ɓarnar shan inna. Alhamdu lillahi, tun 2016 ba a ƙara samun asalin ƙwayar cutar a Nijeriya ba, ran 25 ga Agusta 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ita. Da taimakon sarakuna aka ci wannan nasara. Amma kada a saki rigakafi, gama wani nau'in ciwon ya kan ɓulla inda yara ba su sami ɗigon ba. Kuma kada a zaci nakasa ta ƙare da ƙarewar shan inna. Ga waɗansu hanyoyi huɗu da ta ke shigowa.

Ta farko, doguwar naƙuda, ko shawarar da ke kama jinjiri idonsa ya yi rawaya, ko zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga. Kowannensu yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, sai yaro ya taso wuyansa ba ya tsayawa, gaɓoɓinsa a ƙage. Tabon da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma in an bar yaron kwance gaɓoɓin sai su daɗa sandarewa har su ƙi miƙuwa.

Ta biyu, sanƙarau, wanda ke zuwa da rani da bazara. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Cikin waɗanda suka tashi daga wannan ciwo, kimanin ɗaya cikin biyar ya kan fita da miki, sau da yawa kurumta. Ƙyanda ma, da kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya, suna rage ji.

Ta uku, allurar da wanda bai ƙware ba ya yi wa yaro a mazaunai. Akwai wata babbar jijiya da ta bi ta nan ta gangara ƙafa. In allura ta same ta, sai a ga yaro yana jan ƙafa, tafin yana reto. Iyaye su kan ce iska ce, alhali hannun mutum ne.

Ta huɗu, jinjirin da aka haifa tafin ƙafarsa a murɗe yana duban ciki. A kan sami kamar ɗaya cikin haihuwa 1,000. Wani likita mai suna Ponseti, a Jami'ar Iowa ta Amurka, ya fito da hanyar gyaransa ba da babbar tiyata ba. A kan miƙe ƙafar kaɗan kaɗan a ɗaure da filasta, a sake kowane mako kamar sau biyar zuwa takwas, sa'an nan a sa wa yaron takalmi mai sanda da dare har ya kai shekara huɗu ko biyar. Wanda aka fara wa tun yana goye, ya kan shiga aji ɗaya da ƙafarsa kamar kowa.

Me ya sa a ke gaggawa?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaɓar da za ta miƙu da motsi a shekara uku, in ta kai shekara goma sha biyu sai da wuƙar likita, wani lokaci ma ba ta komawa daidai. Haka harshe. Yaro daga kunne ya ke koyon magana, kuma a shekarunsa uku na farko ya fi kamawa. Wanda bai ji ba, ba zai faɗa ba.

Ku ɗauki misali da yaro a aji uku wanda jinsa ya ragu. Yana zaune can baya cikin yara da yawa, malam yana magana ya juya wa aji baya yana rubutu a allo. Yaron ba ya amsawa, sai a ce daƙiƙi ne, ko a ce taurin kai gare shi, a yi ta bulala. Kafin shekara ta zagayo ya ƙi makaranta, ya kama bin shanu ko bara. Da an auna kunnensa, aka wanke aka ba shi magani, aka mai da shi layin gaba inda zai ga bakin malam, da ya yi karatunsa. In kuwa kurumtar ta yi tsanani, akwai na'urar ji, akwai kuma makarantar kurame a Malumfashi inda a ke koyarwa da maganar hannu. Babu dalilin da zai sa a bar shi da jahilci.

Rini ba ya kamawa da tsomi ɗaya

Sunan garin nan da mu ke ciki yana tuna mana da marina. Kowa ya san marini ba ya tsoma zane sau ɗaya ya ce ya gama. Sai ya tsoma, ya fitar ya sha iska, ya sake tsomawa, har shuni ya kama. To, haka gashi ya ke. Ba allura ba ce da za a yi yau a warke gobe. Mai gashi zai ga yaro na ɗan lokaci ya nuna yadda za a yi, amma uwa ce za ta riƙa miƙe gaɓar safe da yamma, watanni ko shekaru. A nan a ke yawan faɗuwa. A je sau biyu, kuɗin mota ya yi nauyi, damina ta faɗi, maƙwabta su ce ai ba a ga canji ba, sai a daina. Abin da aka samu duk ya zube.

Ba na ɓoye muku, ma'aikatan nan kaɗan ne, mafi yawansu kuma a birane su ke, masu gyaran magana ma sun fi ƙaranci. Saboda haka kada a yi wasa da rana guda da aka samu wurinsu. A tafi da wanda zai riƙe bayanin da kyau, a kuma tambayi abin da za a iya yi a gida. Sandunan koyon tafiya, da kujera mai madafa, kafintan gari zai iya yi in an nuna masa awo.

Abin da a ke roƙonku

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malamin hakimi ya san yawan masu biyan haraji a kowace unguwa, ya san yawan shanun jangali a kowace ruga. In an iya ƙidaya shanu, lalle za a iya ƙidaya yara. Ga abubuwa biyar.

1. Kowane mai unguwa ya kawo sunayen yaran da ba su tafiya, ko ba su ji, ko ba su magana kamar tsararsu. Malami ya rubuta a littafi, da shekaru, da irin nakasar. Littafin amana ne, ba na tallata asirin gidan kowa ba.

2. A kai su asibiti mafi kusa, daga can a tura su Dutsin-Ma ko Katsina ko Kano bisa ga bukata.

3. Bayan wata uku a sake buɗe littafin, a tambaya wa ya daina zuwa, da me ya hana shi. In kuɗin mota ne, masu hali da masu fid da zakka suna nan.

4. A gargaɗi jama'a kada su miƙa yaro ga kowane mai sirinji. A gaya wa ungozomomi jinjiri mai rawayar ido ko murɗaɗɗiyar ƙafa na asibiti ne tun makon suna.

5. A yi magana da shugabannin makarantu su karɓi yaran nan, su hana tsokana. Dokar ilmi ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, dokar da aka sa wa hannu a Janairu 2019 kuma ta haramta nuna wa mai nakasa bambanci.

Ranku ya daɗe, talaka ya kan ji kunyar fito da irin wannan yaro, amma in hakiminsa ya tambaye shi lafiyar yaron da sunansa, zai fito da shi. Maganarku guda ta fi jawabina goma. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ja zamaninku. Haza wasalam.