Malamin kwaleji da yaran da muka ba shi amana

  Muna gaida mutanen Magarya da na Dungas, da na Bande, Washa, Yekuwa, Dogo-Dogo da Malawa, da duk wanda ya matso kusa da rediyo.

Yau hirarmu a kan malamin kwaleji ce, wanda yara suke kira mushe, ko madam in mace ce. Ni ma na riƙe alli a kwaleji shekaru da dama, don haka abin da na gani da idona zan faɗa muku.

Ka san yaro yana yin shekara 6 a lakol ta firamare. In ya gama, sai ya wuce kwaleji, ya yi shekara 4. Ga wani abu da ke ruɗa iyaye. A kwaleji ƙidayar aji baya-baya take tafiya: aji 6, aji 5, aji 4, aji 3. In ɗanka ya ce ya bar aji 6 ya shiga aji 5, kada ranka ya ɓaci, gaba ya ci. A ƙarshen aji 3 ne ake yin jarrabawar BEPC, wadda muke cewa birbe.

A firamare malami ɗaya ne yake wuni da yara. Ya san sunan kowa, ya san gidan kowa. A kwaleji ba haka ba ne. Kowane darasi da malaminsa: na Faransanci daban, na lissafi daban, na tarihi da labarin ƙasa daban, na Ingilishi daban, don a nan ne yaro yake fara Ingilishi. Malami ya shiga aji ya yi awa ɗaya ko biyu, ya fita ya shiga wani. To, ɗauki allonka mu yi lissafi. A ce malami yana da aji 4, kowane aji da yara 70. Nawa ke nan? 280. In ya ba su aikin gwaji, takarda 280 zai duba, ɗaya bayan ɗaya, da jan biro, galibi da dare. Kuma cikin 280 ɗin nan akwai naka ɗaya, wanda kake so malam ya san shi da suna.

Yaran kuma su wane ne? Ƴan shekara 12 zuwa 16 ne, wasu sun haura. Sun wuce ƙuruciya, ba su kai manya ba. Kai da kake da irinsu a gida ka san halinsu. Yaron da bara ka aika ya tafi da gudu, bana sai ya tsaya yana zumɓura baki. Muryarsa ta fara buɗewa, in ya tashi karatu aji ya kwashe da dariya, shi ke nan sai ya yi wata guda bai ƙara ɗaga hannu ba. Yarinya kuwa kunya ta sauko mata. Ta san amsa sarai, amma ta rufe baki da gyale. Malam yana bukatar haƙuri irin na mai kiwon awaki. In ya yi tsawa da yawa, su tsorata su daina tambaya. In ya yi sanyi da yawa, su hau kansa.

Sai maganar harshe. Karatun kwaleji da Faransanci ake yin sa. Yaro da yawa suna zuwa aji 6 suna iya kwafar abin da ke kan allo da rubutu mai kyau, amma ka ce su faɗi ma'anarsa, shiru. Ba dolaye ba ne. A gida Hausa ake yi, ko Fillanci, ko Barbarci, a kasuwa ma Hausa. Wannan matsala an daɗe da ganin ta. A Damagaram ne aka buɗe lakol ta farko ta gwajin koyarwa da Hausa, a shekarar 1973. A watan Maris na 2025 kuma dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Malami mai dabara, in ya ga idanun yara sun yi zuru-zuru, yakan sauko ya faɗi abin da Hausa, ya kawo misali da tiyar hatsi ko da kuɗin wake, sannan ya koma Faransanci. Ni ban taɓa ganin laifin haka ba.

Ana buɗe lakol a watan Oktoba, daidai lokacin da ake cikin girbi. Wasu yara ba sa zuwa sai an kai hatsi rumbu. Inda ajin na zana ne, sai an jira kara ya samu kafin a kafa shi. Hunturu ya zo, iska ta cika littafi da ƙura. Ruwan farko ya faɗi, rumfa ta jiƙe, karatu ya tsaya. Ga kuma tsoron wuta. Ba mu manta da gobarar Maraɗi ba, ta watan Nuwamba na 2021, inda yaran firamare fiye da 20 suka rasu cikin azuzuwan zana. Allah ya ji ƙansu.

Amma abin da ya fi ci ma malami rai shi ne benci da babu kowa a kai. Ba kowane ƙauye ke da kwaleji ba. Yaro ya gama firamare a garinsu, sai a kai shi babban gari, a damƙa shi hannun mai masauki, ɗan'uwa ko abokin arziki. Wani mai masaukin yana riƙe ɗan wani kamar nasa, Allah ya saka masa. Wani kuma shi kansa abincin gidansa bai isa ba. Yaro ya tashi da asuba ya ɗebo ruwa, ya kai dabbobi, ya iso aji a makare, cikinsa babu ko koko. Ƙarfe 11 ta yi, ka ga ya kifa kai bisa tebur. Malamin da bai sani ba sai ya ce lalaci ne. Na taɓa korar wani yaro daga aji saboda barci, har sau 3. Daga baya na ji cewa a zauren wani yake kwana, ba bargo, kuma sai ƙarshen mako yake taka ƙafa zuwa ƙauyensu ya ɗauko ɗan hatsi. Har yau in na tuna ina jin kunya.

Haka suke zubewa, ɗaya-ɗaya. Wannan ya tsallaka Maigatari ranar Alhamis ya taya wani kora dabbobi, ya ga kuɗi a hannu, bai ƙara dawowa ba. Wancan ya shiga aikin rake a fadama. Wani ya bi yayyensa ci-rani Kano ko Agadas. Yarinya kuwa, wata safiya malam ya kira suna, ƙawayenta su ce an kai kuɗin aurenta. Sau da yawa ma ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Hukuma ta san da wannan. A ranar 5 ga Disamba 2017 an sa hannu a kan doka ta kare karatun ɗiya mace. A 2021 kuma aka buɗe gidan kwana na ƴan mata ƴan kwaleji a Kelle, cikin gundumar Gure. Sai dai ƴan mata da yawa a ƙasarmu ta kudu har yanzu a gidan mai masauki suke.

Kada ka manta shi ma malam baƙo ne. Wataƙila daga Tawa aka turo shi, ko daga Doso, ya bar iyalinsa can, ya kama ɗaki haya. Da yawa ƴan kwantiragi ne, kuɗinsu kaɗan, wani lokaci kuma ya yi jinkiri.

To me ke riƙe shi cikin wannan aiki? Akwai daɗi, ƴan'uwa. Ka yi mako 2 kana fama da yaro a kan lissafi guda, ran nan sai ka ga fuskarsa ta washe, ya miƙe yana kaɗa yatsa, yana mushe, mushe, ni, ni! Wannan ranar ko ba ka ci abinci ba ka ƙoshi. Akwai ranar sakamakon birbe, da ake kiran sunaye, uwaye suna guɗa. Ni kuwa abin da ya fi mini daɗi, wata rana zazzaɓi ya kai ni gidan likita, wadda ta zo yi mini allura ta durƙusa ta gaishe ni. Ashe ɗalibata ce, wadda take zama a bencin baya, ba ta magana.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanka, ɗan'uwa, da ke ƴar'uwa. A da in yaro ya kawo takardar sakamako, sai ka juya ta ka mayar masa, ya faɗa maka abin da ya ga dama. Yanzu ka san lambobi. Takardar da Faransanci take, amma lamba ba ta da yare. A kwaleji ana ba da maki bisa 20. Rabin 20 nawa ne? 10. Duba ƙasan takarda, akwai lamba guda da ta tattara dukan darussa. In ta kai 10 ko ta haura, yaro yana tafiya daidai. In ka ga 8 ko 9, yana tangaɗi, amma ana iya tallabe shi. In ka ga 5 ko 6, kada ka ɗauko bulala. Ɗauki takardar ka tafi lakol.

Wasu suna jin nauyin shiga kwaleji, wai ba su jin Faransanci. Yi sallama da Hausa, za a amsa maka. Ka faɗi sunan ɗanka da ajinsa. Ka tambayi malam: yana zuwa kullum? Yana zuwa da wuri? Wane darasi ne ya fi ba shi wuya? Kai ma ka faɗa masa abin da bai sani ba, inda yaron yake kwana, da nisan ƙauyenku, da ko ya yi ciwo. Daga ranar, cikin 280 ɗin nan malam ya san naka.

In ka fito, ka biya gidan mai masauki. Kada ka je hannu sake. Ƴan tiyoyin hatsi, ɗan wake, sabulu, da fitila mai batir don karatun dare. Ka roƙe shi ya rage ma yaro aikin safe. Ke uwa, ki keɓe da ɗiyarki ki tambaye ta yadda take zaune a gidan, don akwai abin da ba za ta faɗa ma ubanta ba. In an kira taron iyayen yara, ku je, a can ake shirya gyaran zana da benci.

Ga aikinku na wannan mako. Kowa ya rubuta lambobi daga 1 zuwa 20 bisa allonsa, ya ja layi ƙarƙashin 10. Wanda yake da ɗa ko ɗiya a kwaleji ya nemi takardar sakamakon da ta wuce, ya zo da ita wurin karatu, ku duba ta tare da malaminku.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.