Amsoshin Wasiƙunku: Me Zan Shafa Wa Daɓen Katako?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan a jihar Kaduna.

Mai wasiƙar ya ce da kuɗin rakensa na bara ya ɗora ɗaki a kan shagonsa. Da yake kuɗin ba su kai na zuba kankare ba, sai aka shimfiɗa masa katako, wanda ya sayo a Sabon Garin Zariya. Yanzu yana so iyalinsa su tare a ciki, kuma yana da yaro mai rarrafe. Wani kafinta ya ce ya shafa baƙin mai saboda gara. Wani ya ce banish. Mahaifiyarsa kuma ta ce a jiƙa makuba a yayyafa kamar yadda aka saba. Shi ne yake tambaya, maganar wa zai bi?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya sa albarka a ginin. Kafin ka zaɓi abin shafawa, fara duba abin da zai riƙa cin wannan daɓe. A ƙasarmu abu huɗu ne: rairayin da ake kwasowa a tafin ƙafa, ruwan buta da fitsarin yara, gara, sai kuma canjin yanayi. Katako yana shan danshi yana kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu. Ka dubi ƙyauren ɗakinka mana. A watan Agusta sai ka sa kafaɗa yake rufuwa, a watan Janairu kuwa har iska ke shiga ta gefensa. Haka daɓenka zai riƙa yi kowace shekara.

Bari mu fara da shawarar Gyatuma, domin ita ce babba. Ba ta yi kuskure ba a kan abin da ta sani. Makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ita ce ta riƙe daɓen ɗakunan iyayenmu shekara da shekaru. Mata su taru da madaɓai suna daɓe suna waƙa, a yayyafa makuba, ƙasa ta kame ta yi sulɓi har ruwa ya zame a kanta. Amma aikin makuba a kan ƙasa da tsakuwa yake. In ka zuba ta a kan katako, ruwa ka ba shi ya sha, sai ya kumbura ya bankare. Bayan haka, abin da ke cikinta mai ɗaure ƙasa, in ya haɗu da ƙarfe baƙi yake yi, saboda haka duk inda aka buga ƙusa za ka ga tabo ya fito. Ka lallaɓa ta, ka ce mata an ajiye makuba don daɓen zaure.

Sai maganar baƙin mai, wato man da aka juye daga injin mota. Malam, ina roƙonka kada ka yarda a shafa shi a cikin ɗakin kwana. Gaskiya ne ana shafa shi a gindin turaku da dirkokin rumfa, amma can waje ne. Baƙin mai ba ya bushewa. Kullum zafi ya taso sai ya yi gumi, ya ɓata tabarma da tufafi, warinsa ya cika ɗaki. Abin da ya fi wannan muni, yana ɗauke da gurɓataccen ƙarfe da dattin ƙonewar inji masu cutar da fata da jini. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010 ba, inda yara wajen 400 suka rasu. Can daga haƙar zinariya gubar ta fito, amma darasin ɗaya ne: abin da babba zai taka ya wuce, jikin yaro ba ya ɗaukarsa. Kuma ka sani, katakon da ya sha baƙin mai, har abada banish ko fenti ba za su kama shi ba.

Haka nan man gyaɗa ko manja, domin na san wani zai ce a gwada. Su ma ba sa bushewa, sai dai su yi hamami su gayyato maka kiyashi da ɓeraye.

To, gara fa? Gara daga ƙasa take tasowa, ta bi bango ta kama katako ta ƙarƙashi. Saboda haka maganinta a ƙarƙashi ake sa shi, a jikin ginshiƙan da suka ɗauki daɓen da inda suka shiga bango, ba a saman da ake takawa ba. Ka sayi maganin katako na gwangwani, ka sa a karanta maka rubutun da ke jikinsa, ka tabbata an yarda a yi amfani da shi cikin gida. Daga nan kuma duk wata ka ɗaga kai a cikin shago ka duba ko ta fara gina hanyarta.

Yanzu sauran abu biyu da za ka zaɓa tsakaninsu. Na farko shi ne man katako, irin wanda Turawa ke kira linsid. Shi nutsewa yake yi cikin katakon ya bushe a ciki. Kyansa shi ne ba ya ɓarewa, kuma in wani wuri ya goge sai ka gyara wurin kaɗai. Aibinsa kuwa, ba ya tare ruwa sosai, kuma kusan kowace shekara sai an sake shafawa. In ka yi amfani da shi, kada ka dunƙule tsumman da aka yi aiki da shi ka jefar a lungu, domin yakan yi zafi har ya kama wuta da kansa. Shanya shi a waje ko ka tsoma shi a ruwa.

Na biyu shi ne banish, wanda ke yin fata a saman katako. A nan sai ka lura, banish kala-kala ne. Wanda ake fesa wa gado da kabad don ƙyalli bai jure takawa, ba a daɗe zai fara tsagewa. Ka nemi na daɓe, mai suna foliyuritan, za ka ga an rubuta Polyurethane a jikin gwangwanin. Akwai wanda ake sirkawa da tina, akwai na ruwa. Na tina ya fi wari, ya fi daɗewa bai bushe ba, kuma yana sa katako ya yi ja-ja. Na ruwa warinsa kaɗan ne, cikin 'yan awoyi yake shan iska, sai dai yawanci ya fi tsada.

Tunda ka ce in faɗa maka gaskiya, ga ta: ɗakin da za a yi alwala a baƙin ƙofarsa, yaro ya yi fitsari, a zubar da kunu, banish na daɓe ya fi dacewa da shi. Ka zaɓi maras ƙyalli sosai, domin mai ƙyalli yana nuna kowane ƙarzane, kuma ya fi santsi in ruwa ya zuba.

Amma fa ka ji, rabin aikin kafin a buɗe gwangwani yake. Yawancin katakon da ake sayarwa a nan daga dazukan Kudu ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba. In ka rufe ɗanyen katako da banish, danshin zai nemi hanyar fita ya ɗaga fatar. Ka bar shi ya sha iska makonni, tagogi a buɗe. Ka duba ko kafinta ya bar ɗan fili kamar rabin inci tsakanin katako da bango, don ya sami wurin kumbura da damina. A nutsar da kawunan ƙusoshi. A goge da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, ana bin tsawon katakon. A share, a bi da tsumma har sai babu ƙura. In katakon loko ne, yana da maiƙo na kansa, sai a goge shi da ɗan tina kafin shafi na farko. In kuwa farin katako ne mai taushi irin obece, kada ka sa ran zai jure kamar loko ko maɗaci, sai ka taimaka masa da tabarma a inda aka fi takawa.

Shafi uku ake yi, kowanne siriri. In na tina ne, a bar kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi, a ɗan bi da samfefa mai laushi kafin na gaba. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi guda. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe bai wuce murabba'in mita 14 ba, ka ga galan ɗaya mai lita 4 zai kusa isarka. Lokacin da ya fi kyau shi ne da kaka, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta sauko ba. A buɗe tagogi, kada a kunna risho ko sigari a kusa. Kada ka yi gaggawar tarewa. Ko ya bushe a hannu, na tina yakan kai wata guda kafin ya gama ƙarfi. Yaro da mai juna biyu su dakata sai wari ya fita sarai.

Bayan an tare, a cire takalmi a ƙofa, a riƙa shara kullum, a goge da tsumma mai ɗan laima maimakon kwara ruwa. Kaskon turaren wuta ko na jin ɗumi kada a dire shi a kan katako, a sa masa tire da bulo a ƙarƙashi. Kada a shimfiɗa leda a rufe daɓen gaba ɗaya, domin tana tara danshi, gara ta yi ta ɓarna ba a gani. Kada kuma a shafa folish mai kaki, yana sa santsi, kuma ranar da za a sabunta banish ɗin ba zai kama ba.

Malam mai wasiƙa daga Hunkuyi, da fatan ka gamsu. Ka gaishe mana da Gyatuma, Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya yaro. Sauran masu sauraro, ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.