Lacca: Kitsen Jini Na Gado Da Auren Zumunci A Adamawa

Jama'a 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, musamman mutanen Yola da Jimeta.

Akan ji labarin magidanci ɗan shekara arba'in, siriri mai kuzari, ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfarsa, sai 'yan'uwa su ɗora laifin a kan manja da abincin Kudu. Alhali kuwa wani da abin aka haife shi.

Hanta ita ce ke tsame kitsen nan da likitoci ke kira kolesterol daga cikin jini, ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikinta. Michael Brown da Joseph Goldstein na birnin Dallas ta Amurka su ne suka gano haka, har aka ba su lambar Nobel cikin 1985. To, wanda ya gaji ƙwayar halitta mai naƙasu daga uwa ko uba, rabin ƙofofin nan ne ke aiki, saboda haka kitsen ya yi ta liƙewa a hanyoyin jinin zuciyarsa tun yana yaro. Kimanin mutum 1 cikin 250 a duniya haka yake.

Abin ya shafi Adamawa ne ta wajen auren zumunci, wanda Fulɓe da Hausawa suka riƙe da daraja. Ɗan wa da 'yar ƙane kakansu ɗaya. In dukansu sun gaji naƙasun, kowace haihuwa akwai hatsarin 1 cikin 4 yaro ya haɗa biyu, irin wannan kuwa ciwon zuciya na iya kama shi kafin ya cika ashirin.

Kada a yi gaggawar tsine wa man shanu. Binciken Robert Glew da abokan aikinsa na 2001 ya tarar Fulani makiyaya na tsaunukan Jos, duk da nono da man da suke sha, kitsen jininsu daidai yake. Wani gadon ma kariya ne: cikin 2006 an nuna cewa wasu baƙaƙen fatar Amurka masu wani sauyi a ƙwayar PCSK9, ciwon zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 88 bisa ɗari.

Alamun da akan duba su ne ƙulli a agara ko bayan yatsu, da rawayan tabo a fatar ido, da dangin da suka rasu farat ɗaya da ƙuruciya. Mai shirin zuwa gida ɗaurin aure, in gidansu akwai irin wannan, ya kamata shi da yarinyar su tsaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola a auna musu jini. Maganin da ake kira statin yana sauke kitsen ƙwarai, amma kullum ake shansa.