Malfar Jaji: Nana Asma'u da Matsayin Tsohuwar Malama a Arewacin Zamfara

 

Wannan takarda za ta tuna da uwa, kaka, kuma malama: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara mata rahama. Abu ɗaya zan tsaya a kai, wato yadda ta ɗora tsarin karatunta a wuyan tsofaffin mata, da abin da hakan ke faɗa mana a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a yau.

An haife ta a Ɗagel a 1793. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma tana cikin jama'ar da ta sauka Sabongari a ƙasar Zamfara a 1805, ana fama da yunwa da yaƙi. Namoda, jarumin Alibawan Zurmi wanda Ƙaura ta ci sunansa, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808. Ke nan tarihin da ta tashi a cikinsa namu ne, a ƙofar gidanmu ya faru. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Bello. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji wazirci, kuma daga zuriyarta Waziri Junaidu ya fito, wanda ya adana rubuce-rubucenta har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su a littafi guda a 1997. Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, bayan ta rigaya ta yi rashin mahaifi da miji da wannan ɗan nata.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da zawarawa da matan da aka kamo, mafi yawansu ba su san hukuncin alwala ba, abin da suka sani shi ne bori. Matar aure mai goyo ba za ta bar ɗaki ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato ko Wurno neman karatu ba. To wa zai je? Asma'u ta dubi waɗanda al'ada ta sakar wa mara: dattijan mata da suka gama haihuwa, da 'yan matan da ba su kai aure ba. Su aka kira 'Yan Taru. Kowane ayari yana da shugaba, jaji, tsohuwa mai mutunci wadda Asma'u da kanta take naɗa wa malfa da jan ƙyalle. Wannan malfa kuwa Innar Gobir, uwar bori, aka sani da ita. Asma'u ba ta ƙona ta ba. Ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama. A ganina babu hikimar da ta kai wannan a duk aikinta, domin matan ƙauye sun riga sun san girman mai malfa, ba sai an yi musu bayani ba.

Karatun ma an auna shi daidai da mai ɗauka. Waƙa ce ake hardacewa, da Hausa ko Fulatanci. Ɗaya ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, wata ta kawo tarihin Manzon Allah, wata ladubban zama da maƙwabta. Jaji ta hardace, ta koma gida, ta rera wa masu daka da masu kaɗi. Zuma da man shanu da hatsin da suke kawowa, ga mabuƙata ake rabawa. Kuma lokacin da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, Asma'u ta yi mata marsiyya. 'Yar Shehu, matar waziri, ta zauna ta rubuta alhinin tsohuwar ƙauye da sunanta! Mu kuwa nawa ne cikinmu suka rubuta ko shafi ɗaya kan malamar da ta koya musu baƙi da wasali? Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Mu dawo gida. Kowa a cikinmu ya san halin da ake ciki. An kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. A Satumbar shekarar, bayan harin makarantar Kaya ta Maradun, an rufe makarantun jihar, an datse layukan waya. A tsakanin nan ne kuma aka hana cin kasuwannin mako. Mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, mata da yara ne mafi yawa. Uban da ya hana 'yarsa tafiya makaranta mai nisa ban ga laifinsa ba. Sai dai yarinyar da ta zauna shekara biyu babu karatu, sau da yawa ɗakin miji ne zangonta na gaba.

A zamanin Asma'u jaji ce ke bin hanya. Yau hanyar ce ta lalace, amma ɗaliban sun zo da ƙafarsu har cikin gari. Kuma a unguwannin nan akwai malaman firamare da na Islamiyya mata da suka ajiye aiki, suna zaune suna renon jikoki, wasu suna jiran fanshon da bai zo ba. Dokar tarayya ta 2022 ta kai ritayar malami shekara 65 ko shekara 40 ta aiki. Asma'u tana rubutu tana koyarwa bayan ta wuce waɗannan shekaru. Malamar da ta ajiye aiki babu zauren da za a hana ta shiga, babu maigidan da zai ce mata koma. Ta san uwar yarinyar, wataƙila ma ita ta koyar da ita.

Shawarata ga masarautun uku da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi ita ce a fitar da sunayen waɗannan malamai unguwa-unguwa, a ba kowacce yara kaɗan da mata 'yan gudun hijira a tsakar gidanta, da allo da alli da ɗan alawus da ke zuwa a kan lokaci. Sarki ya karrama ta a bainar jama'a, don naɗin ne ya ba jaji bakin magana. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda kuma su ɗauki waya su naɗi tarihin kowacce daga bakinta tun tana da rai: inda ta yi karatu, makarantun da aka tura ta, da waɗanda suka bi ta hannunta.