Haƙoran Nono Ba Abin Yasarwa Ba Ne



Shekaru ke nan ina jayayya da wasu 'yan'uwa likitoci da jami'an ma'aikatar lafiya a kan mas'ala guda, wato zancen da suke yi cewa haƙoran nono, tun da yaro zai yi famfara ya zubar da su, ba su cancanci a ɓata musu lokaci ko kuɗi ba. Wannan hujja, a ganina, ba ta da madafa, domin kuwa haƙoran nan ashirin, waɗanda ke fara tsirowa wajen wata shida, su kammala kafin shekara uku, turamensu ba sa faɗuwa sai yaro ya kai goma zuwa goma sha biyu, kuma da su yake tauna abinci, da su yake koyon furuci, su ne kuma ke tsare wa haƙoran dindindin gurbinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa yara fiye da miliyan 500 ne ke fama da ruɓewarsu.

Abin da iyayenmu ke kira tsutsar haƙori, haƙiƙa ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki, suna cin sukari suna fitar da tsami, tsamin kuma yana narkar da fatar haƙori har sai yawu ya wanke shi, abin da ke ɗaukar kusan rabin sa'a. Saboda haka sau nawa aka ba yaro zaƙi ya fi muhimmanci bisa yawan abin da aka ba shi. Dalilina a nan shi ne gwajin da aka yi a asibitin Vipeholm na birnin Lund a ƙasar Suwidin, wanda aka buga sakamakonsa a 1954. Gwajin zalunci ne, don an yi shi a kan masu raunin hankali ba da yardarsu ba, kuma ba na halatta shi. Amma abin da ya nuna ya tabbata: waɗanda aka ba sukari tare da abinci ɓarnar haƙoransu kaɗan ce, alhali waɗanda aka riƙa ba alewa mai ɗanko tsakanin abinci da abinci, wasu har guda 24 a yini, haƙoransu suka lalace matuƙa.

To, ku dubi gidajenmu. Yaro ya yi kuka da hantsi a ba shi minti, da azahar lemon kwalba, da la'asar biskit, da dare kuma a cika bulumboti da shayi mai sukari a sa masa a baki har barci ya kwashe shi, a daidai lokacin da yawu ke raguwa. Na ga yarinya 'yar shekara biyu da haƙoranta huɗu na gaba na sama suka zama baƙaƙen kututture, uwar tana rantsuwa ba ta taɓa barin ta da yunwa ba, kuma gaskiya ta faɗa, Allah sarki.

Masu cewa zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi ciwon haƙori gaggawa su tuna cewa yaron da haƙori ke masa zogi ba ya cin abinci.

Abin da nake nema tun tuni bai wuce wannan ba: ranar da uwa ta kawo jariri allurar ƙyanda a wata tara, ma'aikaciyar lafiya ta ɗaga leɓensa na sama ta duba ko akwai farin tabo kusa da dasashi, sa'an nan ta koya wa uwar goge haƙori safe da dare da man goge baki mai fuloraid, gwargwadon ƙwayar shinkafa, ta kuma gargaɗe ta kada ta sa sukari a abincinsa kafin yaye. Al'ummar da addininta ya sunnanta mata asuwaki ba za ta ƙi wannan ba in an yi mata bayani, kuma duk aikin bai fi minti biyu ba a kan kowane yaro.