Harshe Ya Koma Yatsa



A shekara ta 2001 wayar GSM ta shigo Nijeriya. Yau ga ta a aljihunmu har cikin sujada. Yaƙub, a sura ta 3 ta wasiƙarsa, ya kwatanta harshe da 'yar wuta mai cinye daji. 'Yan'uwa, yanzu harshenmu ya koma yatsa.

Mu tuna da Agustan 2014, lokacin cutar Ebola. Saƙo ya bazu ta waya da Facebook, wai ruwan gishiri rigakafi ne. Mutane suka tura wa danginsu don ƙauna. Waɗansu suka kwanta asibiti, waɗansu suka mutu.

Nan gaba abin zai fi haka wuya, gama kwamfuta ta riga ta iya kwaikwayon murya da fuska. Wata rana za mu ji muryar fastonmu tana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Saboda haka, kafin mu tura saƙo, mu tambayi kanmu: Gaskiya ne? Wa ya shaida? In ba amsa, bari ya tsaya a hannunmu.

Ya Ubangiji, ka tsare bakinmu da yatsunmu. Amin.